Tsohon wasan kasada, 'yan wasa da yawa: wace hanya ta dace da ku?

Zork, King's Quest na 1984, Maniac Mansion na 1987 da sauran wasannin kasada na wancan zamani an rubuta su ne domin mutum ɗaya da ke zaune gaban kwamfuta ɗaya. A cikin ƙwaƙwalwar na'ura kowannensu na riƙe da kundi guda: ɗakin da jarumi yake, kayan da ke hannunsa, makinsa, ƙofar da aka buɗe da dodon da aka kashe. A injin AGI na kamfanin Sierra, wanda King's Quest ke gudana a kai, wannan kundi bai wuce gurabun lamba 256 da tutoci 256 ba, sai jerin kaya. Gurbi na 0 shi ne lambar ɗakin da ake ciki, na 3 shi ne maki. Ɗaki ɗaya, maki ɗaya, jarumi ɗaya.

Duk mai son farfaɗo da irin wannan wasa domin abokai su buga tare ta intanet, tambayar da zai fara amsawa ba ta manhaja ba ce. Ita ce: kundin nan ina zai zauna, kuma wa ke da ikon taɓa shi? Ko dai kundi ɗaya da jarumi ɗaya kowa na sa hannu, ko kowa da kundinsa ana hango juna, ko kundi ɗaya da jarumai da yawa. Bambancin aikin da ke tsakanin ta farko da ta ƙarshe kamar bambancin yini ɗaya ne da watanni.

Ƙofofi biyu da ba sa kai wa ko'ina

Da yawa sukan fara da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS, saboda sun ji yana da hanyar sadarwa. Yana da ita kuwa: a sa `ipx=true` a fayil ɗin saiti, mai masauki ya rubuta `ipxnet startserver`, baƙi su rubuta `ipxnet connect` da adireshinsa, saƙo ya bi ta ƙofar UDP mai lamba 213. Sai dai abin da wannan ke yi shi ne kwaikwayon kebul ɗin da ke haɗa kwamfutocin ofis a shekarun 1990. Yana amfani ga Doom da Warcraft II, waɗanda tun asali sun san yadda ake magana ta wannan kebul. King's Quest bai san da shi ba. Za a haɗu lafiya, `ipxnet status` ya nuna komai daidai, kowa kuma ya ci gaba da wasansa shi kaɗai.

Haka batun ScummVM, manhajar da ke gudanar da tsofaffin wasannin kasada a na'urorin zamani. Fitowa ta 2.8.0 a Disamban 2023 ta zo da wasa ta intanet, amma ga wasanni irin Backyard Baseball 2001 da Backyard Football, waɗanda dama suna da shi tun fitowarsu. Babu wani maɓalli a ScummVM da zai mayar da Monkey Island wasan mutum biyu.

Jarumi ɗaya, hannaye da yawa

Wannan ita ce hanyar da ba ta taɓa wasan ko kaɗan. Yana gudana a na'ura ɗaya, sauran suna gani suna kuma iya ba da umarni. Wasu na raina ta, wai ba wasan taro na gaskiya ba ne. Amma a duba abin da ɗan wasan kasada ke yi da lokacinsa: kaso mafi yawa tunani ne, a ina za a yi amfani da igiyar nan, me ya sa mai gadin ya ƙi matsawa. Tunani kuwa ana yin sa tare ko da linzami ɗaya ne. Ƙungiyar ClubFloyd tana buga wasannin rubutu haka tun 2007, mutane na tattaunawa a ɗaki ɗaya na ifMUD, dandalin hirar masu wasan rubutu, suna miƙa umarni ga wani mutum-mutumi da ke riƙe da wasan.

Ga wasan rubutu, kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar ƙaramar sabar haya mai Debian ko Ubuntu, ko da mai ƙwaƙwalwa 512 MB ce, domin fayil ɗin Zork I bai kai 100 KB ba. A girka frotz, mai gudanar da wasan, da tmux, mai ba mutane da yawa damar raba allon rubutu ɗaya, da `sudo apt install frotz tmux`, a buɗe asusu na daban marar ikon gudanarwa, sannan a tayar da wasan da `tmux new -s zork 'frotz zork1.z3'`. Kowane aboki ya shiga ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ya rubuta `tmux attach -t zork`. Wanda kallo kawai zai yi ya ƙara `-r`. Idan akwai masu waya da ba sa son girka komai, `ttyd -W -c suna:sirri tmux attach -t zork` zai fito da allon a burauza ta ƙofa 7681. A lura da `-W` ɗin: sababbin fitowar ttyd ba sa barin baƙo ya rubuta komai in babu shi, sai mutane su yi ta danna madannai suna zaton layi ne ya tsaya.

Abubuwa uku ke lalacewa a nan. Na farko girman allo: mai waya na da layi gajere, mai kwamfuta na da dogo, rubutu ya riƙa karyewa duk lokacin da wani ya taɓa madanni. A sa `set -g window-size smallest` a fayil ɗin saitin tmux, a kuma roƙi kowa ya bar allonsa aƙalla harafi 80 a layi 24. Na biyu, mutum biyu su rubuta lokaci guda, haruffansu su cakuɗe a layi ɗaya. Wannan ba manhaja ke gyara shi ba, sai an naɗa mai rubutu ana karɓa-karɓa, misali duk bayan minti 15 ko duk ɗaki. Na uku tsaro: duk wanda ya danna Ctrl-b da c ya buɗe sabuwar taga mai cikakken ikon asusun. `set -g prefix None` na toshe wannan, kuma shi ya sa aka ce asusun ya zama na daban. Masu layin waya mai yankewa su yi amfani da mosh maimakon SSH tsantsa. Yana bin UDP daga 60000 zuwa 61000 kuma ba ya faɗuwa idan adireshin waya ya sauya.

Cin data a nan abin dariya ne. Umarni 4 a minti, amsa mai harafi 500 kowanne, awa guda ta kama kusan 120 KB na rubutu. Ko an ninka sau biyar saboda kayan rakiya na sadarwa, ba a kai 1 MB ba. Muryar da kuke hira da ita ta fi wasan cin data nesa ba kusa ba.

Wasan hoto shi ne mai tsada. Mai masauki ya buɗe wasan a ScummVM ko DOSBox ya watsa allonsa. Parsec ya fi sauƙin saiti kuma yana ba baƙo linzami da madannai, amma mai masauki sai yana kan Windows ko macOS da katin hoto mai iya matse bidiyo. Sunshine a gefen mai masauki da Moonlight a gefen baƙi kyauta suke, lambarsu a buɗe, suna aiki har a Linux, sai dai saitin ƙofofi na kanka ne. Remote Play Together na Steam, wanda ya fito a 2019, yana aiki ne ga wasannin da aka yi wa alamar goyon bayansa kawai, tsofaffin wasannin kasada kuwa na mutum ɗaya ne a rajista. Raba allo ta Discord na wadatarwa idan baƙi shawara kawai za su bayar.

Lissafin data shi ne: kowane 1 Mbps na cin 450 MB a awa. Hoton waɗannan wasanni 320 a 200 ne kuma yawancinsa a tsaye yake, don haka 720p a hoto 30 cikin daƙiƙa da 2 zuwa 3 Mbps ya isa. Wato baƙo zai ci 900 MB zuwa 1.35 GB a awa. Mai masauki da ke aika wa kowa rafinsa daban, in baƙi uku ne a 3 Mbps, yana buƙatar 9 Mbps na aikawa kuma zai ƙone kusan 4 GB a awa. Layin aikawa shi ne yawanci ke gazawa, ba na saukewa ba, kuma shi ne wanda mutane ba sa aunawa.

Akwai wani abu da ke ba masu farawa mamaki: wasan 1988 ya fi wasan zamani muni idan an watsa shi. Dalili shi ne masu zanen launi 16 na katin hoto na EGA sukan jera ɗigo-ɗigo na launi biyu don su samar da na uku, shi kuwa H.264, tsarin matse bidiyon da ake watsawa da shi, yana rage bayanin launi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Sakamakon shi ne jan rubutu a kan shuɗi ya narke, ƙaramin mabuɗin da ke ƙasa, mai ɗigo huɗu ko biyar, ya ɓace. Maganin shi ne a faɗaɗa hoton da ninki cikakke, sau 3 ko 4, kafin a watsa, a kashe duk wata tacewa mai kwaikwayon layukan tsohuwar talabijin domin tana cinye rafin a banza, a kuma kunna gyaran siffa na 4:3 don kada fuskoki su baje. Idan linzamin baƙo na tsalle ko yana maƙalewa a gefe, Ctrl da m a ScummVM na kama shi ko sakin sa.

Jinkiri bai cika damun wasan nuna-ka-danna ba. Ko kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne ana jurewa. Inda yake kisa shi ne wuraren da ke son saurin hannu: hawan kurangar wake a King's Quest na farko, tuƙin abin hawa tsakanin duwatsu a Space Quest, damben Indiana Jones and the Last Crusade. A irin waɗannan a mayar wa mai masauki da madannai. Kuma tunda kundin na na'urarsa ne, ɗaukewar wuta a gidansa ta tashi wasan kowa. ScummVM na ajiya da kansa duk minti 5, DOSBox ba ya yi, don haka mai laftof mai batir mai kyau shi ya kamata ya karɓi baƙi, ba mai babbar kwamfuta ba.

Akwai wata 'yar hanya a tsakiya ga masu ƙarancin data. Wasa ta intanet na RetroArch, manhajar kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasa, ba ya aika hoto; kowa na gudanar da wasan a na'urarsa, danne-dannen maɓalli kawai ke yawo ta ƙofar TCP 55435, kuma ana iya saita shi mutane da yawa su raba abin sarrafawa ɗaya, har da tsarin rinjayen ƙuri'a. Sharaɗinsa shi ne manhajar kwaikwayon ta iya ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, kuma fitowarta da fayil ɗin wasa su zama iri ɗaya sak a wurin kowa. ScummVM na cikin RetroArch bai cika wannan sharaɗi ba. Amma Maniac Mansion, Shadowgate da King's Quest V duk sun fito a na'urar NES, kuma waɗannan fitowar suna tafiya lafiya. Hotonsu bai kai na kwamfuta ba, an kuma tace wasu abubuwa a Maniac Mansion na NES, amma awa guda ba ta wuce 'yan megabait.

Wasannin da suka fi dacewa da wannan hanya su ne masu jarumai fiye da ɗaya. A Maniac Mansion yara uku ake sarrafawa, kuma akwai ƙulle-ƙullen da sai ɗaya ya tura gunkin da ke jikin matakala ɗayan ya shige ƙofar da ta buɗe, ko ɗaya ya danna bulon kurkuku ɗayan ya fice. A Day of the Tentacle na 1993 Bernard, Hoagie da Laverne na zamani uku daban suna aika wa juna kaya. A ba kowane aboki jarumi ɗaya, duk lokacin da aka koma kansa linzami ya zama nasa. Ba a rubuta layin manhaja ko ɗaya ba, amma kowa na da nasa.

Kowa da kundinsa, ana hango juna

A 2009 Martin Kool, ɗan ƙasar Holan, ya buɗe Sarien.net, inda ya juya dokokin wasannin AGI zuwa JavaScript suka gudana a burauza. Kana tafiya a King's Quest ko Police Quest sai ka ga wasu mutane na yawo a ɗakin da kake, kuna iya hira. Amma kowa wasansa yake yi. In ka ɗauki wuƙa, ta wancan na nan inda take.

Ta fuskar gini wannan ita ce mafi arha a cikin hanyoyin da ke buƙatar rubuta manhaja. Abin da kowane ɗan wasa zai aika bai wuce lamba shida ba: ɗaki, matsayi a kwance, matsayi a tsaye, wane zane, wace fuska, wane hoto a jerin tafiya. Sau 10 a daƙiƙa ta WebSocket, da kayan rakiya kusan bait 60 kowane saƙo, ya kama wajen 2 MB a awa. Saba ba ta san dokar wasa ko ɗaya ba. Aikinta ta tura saƙo ga waɗanda lambar ɗakinsu ta zo ɗaya. Ƙaramar saba na ɗaukar mutane da dama, kuma in ta faɗi wasan kowa na ci gaba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shigar da baƙin cikin jerin abubuwan wasan kamar su ma 'yan wasan ne. Nan take sai su fara tare hanya, su taka layin da ke tayar da wani abu, su cika jerin. A zana su a wani shafi na daban a matakin injin, ba tare da dokokin wasa sun san da su ba. Sai dai dole a ba su zurfi daidai: AGI na raba allo zuwa matakan fifiko, 4 zuwa 15 na zurfi ne, kuma in ba a lissafa na baƙo daga tsayin ƙafarsa ba za a gan shi yana tafiya a kan bishiya maimakon bayanta. Haka kuma AGI na tsayar da komai idan akwatin rubutu ya fito, don haka shafin baƙi na bukatar agogonsa, in ba haka ba kowa zai daskare duk lokacin da kake karatu.

Abin da ba ya gyaruwa shi ne saɓanin kundi. Za ka ga wani ya ratsa ƙofar da a wurinka kulle take, ko yana tafiya a kan ruwa inda shi ya riga ya gina gada. Wani lokaci abin dariya ne, wani lokaci ya tona maka asirin ƙullin da kake son warwarewa da kanka. Wannan hanya dandali ce ta masu tuna baya, ta dace da jama'a masu yawa da ba su san juna ba, tunda babu mai iya ɓata wa wani wasa. Ga abokai huɗu masu son su ci wasa tare, ba ta ba su komai da hira ta waya ba ta ba su ba.

Archipelago, manhajar da ke haɗa wasannin mutane daban-daban, dangin wannan ne ta wata fuska: kowa da wasansa, amma an gauraya kayan, mabuɗinka na iya kasancewa a akwatin wani. Kowa na cika fayil ɗin saiti na YAML, a haɗa su a samar da zagaye, saba ta saurara a ƙofa 38281. Shivers na Sierra na cikin wasannin da yake ɗauka. Yana da daɗi ga waɗanda suka haddace wasa, amma ga sabon shiga yana wargaza labarin gaba ɗaya.

Duniya ɗaya, jarumai da yawa

Wannan ce kowa ke mafarki, kuma a nan gizo ke saƙa. Misali mafi kyau shi ne MultiZork na Ryan C. Gordon a 2021, wanda ya ba mutum har huɗu damar shiga Zork I ta telnet, tsohuwar hanyar haɗi ta rubutu, kowa da jikinsa, a kan MojoZork, manhajar da ya rubuta mai kwaikwayon Z-machine, injin da Zork ke gudana a kai. Dabarar da irin wannan aiki ke bi ita ce yaudarar wasan. Zork na da gurabu irin `WINNER`, `HERE` da `LIT`, wato wa ke aiki, ina yake, akwai haske ko babu. Kafin a gudanar da umarnin kowane mutum sai a zuba nasa a gurabun, bayan an gama a kwashe a ajiye. Har abin da kalmar `it` ke nufi sai an ware wa kowa nasa, in ba haka ba wani ya duba takobi, kai ka ce a jefar da shi kana nufin kwalba, takobi ya tafi. Wuri ma ƙarami ne: fitowa ta 3 ta Z-machine ba ta ɗaukar abu fiye da 255, kuma Zork I ya kusa cinye su, alhali kowane sabon ɗan wasa abu ne a jerin.

Wannan ɓangaren injiniya ne, kuma yana da iyaka. Wanda ba shi da iyaka shi ne ɓangaren tsarin wasa.

A ɗauki agogo. A Zork lokaci na tafiya ne da umarni: duk umarni ɗaya, `CLOCKER` na rage batirin fitila, ya motsa ɓarawo, ya ci gaba da faɗa. In mutum huɗu na rubutu kuma kowane umarni na juya agogo, fitila za ta mutu da saurin ninki huɗu, kuma wanda ya tsaya karanta bayanin ɗaki zai tarar an kashe shi saboda abokinsa a wani wuri na ta buga umarni. In kuma aka ce sai kowa ya rubuta kafin agogo ya juya, mutum ɗaya da ya tashi shan ruwa ya tsayar da duniya. Mafita mai aiki ita ce a raba: abin da ke jikin mutum, kamar fitila da faɗa, ya bi umarninsa shi kaɗai, abin da ke yawo a duniya, kamar ɓarawo, ya bi agogon bango, misali taku ɗaya duk daƙiƙa 10.

Sai kayan da guda ɗaya ne. Fitilar batir ɗaya ce a Zork I, takobi ɗaya, kuma duhu na kisa. Ko dai a ƙara fitilu, wanda ke rage tsoron da wasan ya ginu a kai, ko a bar mutane su yi tafiya a ayari bayan mai fitila har a samo tocilan da kyandirori. Na biyun ya fi riƙe ruhin wasan, amma yana nufin dokar haske ta duba hannun duk wanda ke ɗakin. In mai fitila layinsa ya yanke fa? Dole a sa doka: bayan minti 5 babu shi, kayansa su zube a ɗakin da yake.

Mafi muni su ne ayyukan da ba a dawo da su. A King's Quest V wanda ya cinye kek ɗin da ya saya ba zai iya wuce dodon ƙanƙara ba, kuma wasan ba zai gaya masa ba sai can gaba. Mutum ɗaya yakan koma tsohuwar ajiya. A duniyar tarayya ba a komawa, domin komawar ɗaya ta shafe aikin kowa, don haka `save`, `restore` da `restart` dole a karɓe su daga hannun 'yan wasa. Ke nan sai an bi wasan ƙulli bayan ƙulli, an rubuta jerin duk abin da za a iya cinyewa, ƙonawa, jefawa a rami ko bai wa wani, a yanke hukunci kan kowanne: ya dawo wurinsa bayan wani lokaci, ko wasan ya hana. Wasannin LucasArts daga 1990 sun fi sauƙi a nan tunda an tsara su ba mutuwa ba makalewa, amma injinsu na SCUMM ɗaki ɗaya yake lodawa a lokaci guda da kyamara ɗaya, kuma fage na labari na ƙwace iko daga hannun kowa. Mutum biyu a ɗaki biyu na nufin sake gina zuciyar injin. Shi ya sa kusan duk nasarar da aka samu a wannan hanya a wasan rubutu take.

Wasannin da aka gina domin taro tun asali sun daɗe da gano haka. MUD na Roy Trubshaw da Richard Bartle, wanda aka fara a Jami'ar Essex a 1978, yana mayar da duniya sabuwa lokaci-lokaci domin dukiya da ƙulle-ƙulle su dawo. Myst Online: Uru Live, wanda Cyan ta sake buɗewa kyauta a 2010, yana ba kowa kwafin duniyarsa ya gayyaci wanda yake so, sannan ya ware wurare irin Eder Delin da sai da taro ake buɗe ƙofarsu. Habitat na Lucasfilm na 1986, wanda aka farfaɗo da shi a 2017 da sunan NeoHabitat, bai dogara da ƙulli mai warwaruwa sau ɗaya ba tun farko. Wanda burinsa kawai ya shiga tsohuwar duniya da mutane a ciki, waɗannan a shirye suke, ba sai ya gina komai ba.

In kuwa ginin ake so, sau da yawa sake rubuta wasan a kan injin taro ya fi yi wa tsohon inji tiyata. Evennia, irin wannan inji da aka rubuta da harshen Python, na tashi da `pip install evennia`, `evennia --init wasa`, `cd wasa`, `evennia migrate`, `evennia start`. Telnet a 4000, burauza a 4001. Ɗakuna, kaya, asusu da hira duk suna nan, aikinka ƙulle-ƙulle. A nan ne kaɗai cikin duk hanyoyin za a iya sa wasan ya ji Hausa, a rubuta `ɗauki fitila` ya amsa. A tabbata an sa wa kowane umarni laƙabi marar lanƙwasa, `dauki` da `bude`, domin ba kowace waya ke da ɗ da ƙ a kusa ba, kuma tsofaffin manhajojin telnet na ɓata haruffan UTF-8.

Zaɓi, da abin da za a duba kafin a kashe ko sisi

Abokai biyu zuwa biyar masu son cin wasa tare su ɗauki hanya ta farko: tmux in rubutu ne, watsa allo in akwai data da layin aikawa, RetroArch in babu. Mai son buɗe dandali ga jama'a ya ɗauki ta biyu. Ta uku ta mai son aikin ginin kansa ce, kuma ya fara da ƙaramin yanki, ɗaki 10 da ƙulli 3, ya saka mutum biyu su yi ƙoƙarin lalata shi da gangan kafin ya faɗaɗa.

Izini ma na raba hanyoyin. A ta farko kwafi ɗaya ke gudana in ana watsa allo, amma a RetroArch da hanya ta biyu kowa na buƙatar fayilolin wasan, kuma ɗora su a shafi rarrabawa ce. Sarien.net ya samu takardar dakatarwa daga Activision a 2011, kafin daga baya a ba shi izinin ajiye wasan farko na wasu jerin. Hakkin wasannin Sierra da Infocom, masu Zork, na Activision yanzu na ƙarƙashin Microsoft tun 2023, na LucasArts na hannun Disney tun 2012. Masu tsabta don gwaji su ne Beneath a Steel Sky, Lure of the Temptress da Flight of the Amazon Queen, waɗanda masu su suka sake kyauta, da Open Adventure, wato Colossal Cave da aka saki da lasisin BSD a 2017, da kuma lambar Zork I, II da III da Microsoft ta saki da lasisin MIT a Nuwamban 2025.

Sai layin kansa. Yawancin masu shiga intanet ta layin waya ko ƙaramar na'urar MiFi suna bayan adireshin da kamfani ya raba wa mutane da yawa, don haka buɗe ƙofa a na'urar gida ba ya yin komai. A duba adireshin waje da na'urar ke nunawa a shafin saitinta, a gwada da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. In sun bambanta, ko na na'urar ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya fara da 10, babu mai iya shigowa kai tsaye. Sai a koma Tailscale ko ZeroTier, manhajojin da ke haɗa na'urori kamar suna gida ɗaya, kowa ya girka ya shiga rukuni ɗaya a yi amfani da adireshin da suka bayar. A Tailscale, `tailscale status` zai nuna ko haɗin kai tsaye ne ko ta tashar miƙawa yake bi. In ta tashar miƙawa ce, rubutu da RetroArch za su wuce, amma hoto a 3 Mbps zai riƙa yankewa, kuma gara a mayar da masaukin gidan wanda ke da layin waya na ƙasa ko a koma sabar haya.